Gwiwar da na wanke da hannuna

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, daga Takur, shugabar waƙa ta zumuntar mata. Kun lura yau ban zo da sanda ba?

Na daɗe ina aikin wanke kayan tiyata a asibiti, kuma na iya aikina, ba yabon kai ba. Wannan iyawar ce ta kusa nakasa ni.

Bara adaidaita sahu ya kayar da ni a hanyar Limawa, ƙarfe ya huda mini gwiwa. Maigidana ya ce mu je wurin likita. Na ce ni za a koya wa wanke ciwo? Na ɗauko maganin da muke goge fata da shi kafin tiyata, ban ko sirka shi da ruwa ba, na riƙa ɗura shi cikin ramin da sirinji safe da yamma. Yana zafi ina murna, wai yana aiki.

Gwiwa ta kumbura, ta ƙi lanƙwasuwa, dole muka je asibiti. Da likitan ƙashi ya ji abin da na yi, sai ya riƙe baki.

Ya ce, “Mama, maganin nan na fata ne. In ya shiga gaɓa, yadda yake kashe ƙwayoyin cuta haka yake kashe ƙwayoyin guringuntsi. Shi kuwa guringuntsi ba ya tohowa kamar fata.”

Ya ce za su wanke gaɓar, amma in ɓarnar ta yi yawa, ba zan sake durƙusawa ba har abada.

'Yan'uwa, ni da ban taɓa yin addu'a a zaune ba! Ranar a kan kujera na yi ta, kunya ta ishe ni. Na ce, “Uba, girman kaina ne ya jawo. Abin da ya rage a gwiwar nan, ka bar mini shi.”

Ya kuwa bar mini. Aka yi aikin, likita ya ce akwai saura. Wata da watanni ina motsa ƙafa ina hawaye, maigida yana ƙirga mini, bai taɓa cewa “ai na gaya miki” ba. Ban yi fashi ko na kwana ɗaya ba, kuma da wannan ina alfahari.

Ku dogara ga Ubangiji, ku kuma je asibiti da wuri, kada ku yi irin tawa. Godiya ta tabbata ga Allah!

Baba Fasto, a ɗan matsar mini da bencin nan. Sauran godiyar a durƙushe zan yi ta.