Ranar da Iya Kemi ta aske gilashi

Wallahi da idona na gani, ba labari aka ba ni ba: gilashi siriri kamar tsinken tsintsiya, tsawonsa ya kai ni, kwance a hannun mace bai karye ba. Kai Sale, bar dariyar nan, kashe kekenka ka zauna, fasinjan Wunti ba sa ƙarewa.

Da bunsurun gwaggona na yi kuɗin motar Legas. Ta ce in sayar ne, ko na sayar sannan ta ce, na manta wanne ya riga. Daga rugarmu ta bayan Tirwun, nan Bauchi, na fito, ba abin da na riƙe sai sanda da igiyar ramar da nake ɗaure maruƙa. Ɗakin da na samu, mai gidan ya ce wai "safkonten" ne, wato ɗaki mai komai a cikinsa. Na ce me ke cikinsa? Ya ce kai. Gaskiyarsa kuwa, in na miƙe ƙafa sai ta gaisa da maƙwabci.

Aiki na samu wurin wata Bayarabiya mai shagon yankan gilashi, Iya Kemi. Na ce mata duk tagogin barikin Shadawanka ni na yanka su. Ta dubi hannuna, ta ce to, fara da ɗauka.

Matar nan, Allah ya yi mata kai. Ita ta zaunar da ni ta jawo tef, ƙarfen awon nan mai nannaɗewa. Ta nuna mini mita. Ta ce a raba shi ɗari, kowane yanki santimita ne. Na ce Iya, ni santin da na sani na tuwo da man shanu ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce a raba shi dubu, milimita, ɗan layin da bai fi kaurin farce ba. A jera mita dubu kuma, kilomita, abin da ya raba ni da gwaggona. Na ce kilo ba na nama ba ne? Ta ce ko a nama ko a hanya, kilo dubu yake nufi. Ku da kuka yi boko, an taɓa gaya muku haka a numfashi ɗaya?

To, wata mai kantin kayan amare ta kawo gilashin gaban kantinta, babba, shi kaɗai, ta jirgin ruwa ya zo. Iya ta aike ni in auno firam, wato gurbin da za a sa gilashin. Ana ruwan Legas, irin wanda ba ya jin sallama. Tef ɗin nan na miƙa shi ya lanƙwashe, na miƙa ya lanƙwashe. Na ce ni ba a yi mini iskanci. Na fito da igiyata, jiƙe sharkaf, na ja, na ƙulla nan na ƙulla can. Washegari ta bushe, na shimfiɗa ta gefen tef, na ƙirga layukan, na gaya wa Iya. Ta yanka.

Muka kai gilashi, ya ƙi shiga. Milimita huɗu ya fi firam. Huɗu fa, ko hatsi bai kai ba! Mai kanti ta ce in bai shiga ba Iya ta biya, kuma duk layin sai sun ji. Gilashin nan kuwa ko shagon Iya aka sayar da kyar a biya kuɗinsa. Ni dai na fara tunanin hanyar tasha.

Iya, da ma da sunan garinmu take kirana, ta ce, "Bauchi, da me ka auna?"

Na zaro igiya. Ta tsoma ta a bokiti, ta ajiye gefen tef, sai ga ta ta tsuke. Ashe rama in ta sha ruwa gajarcewa take, in ta bushe ta miƙe. Maraƙi bai taɓa kawo mini ƙara ba, ina zan sani?

Ma'aikatanta suka ce a haƙura, rage taki guda wasa ne, amma mili huɗu ba abin kamawa, gilashin tsagewa zai yi. Iya ta ce a kwantar mata da shi kan bargo. Ta ɗaure zani, ta ɗiga kananzir a bakin abin yankan, ta ce in danne katakon da za ta bi.

"In ka motsa, Bauchi, kai da igiyarka ku kwana a mota."

Ta rufe ido, ta ja sau ɗaya tun daga can har nan, ƙiiii. Ta bi ƙarƙashi tana ƙwanƙwasawa a hankali kamar mai tashin jariri. Sai ga tsinken ya rabu ɗungurungum. Gilashi ya zauna a firam kamar a ciki aka haife shi. Mai kanti ta rasa bakin masifa, har lemo ta sayo mana.

Iya ba ta kore ni ba. Tef ta rataya mini a wuya, ta ce ko sallah zan je in tafi da shi. A hannunta na koyi aikin da na dawo na buɗe wannan shagon, har na saya wa gwaggo akuya mai ciki.

Maganar rufe idon nan dai, Sale, ni na ƙara gishiri. Ban san ko nata a rufe yake ba, don nawa ne a rufe.