Rauta a Cikin Kwallar Inna

Duk kun ga Sahura, ma'aikaciyar lafiya, a tashar Anka rungume da kwamfuta, kuka kau da kai. Wani baƙo kaɗai ya tanka mata.

"Malama, lahiya?"

"Ina lahiya? Kwana ukku imel ya ƙi tahiya. Rahoton yara tara na, suna kwance. In bai isa yau ba, babu magani. Gusau za ni in kai da hannu."

"Ta VPN, keɓaɓɓen layin intanet na ofis, kike turawa?"

"Awo. Shi kama, shi yanke."

"Rautar gida hwa, na'urar da ke ba ki intanet, ina take?"

"Inna ta rufe ta cikin kwalla, kada awaki su ci waya."

Ya tuntsire da dariya. "Cikin ƙarfe? Ina za ta samu sabis? Ga modem ɗina mai intanet, gwada."

Ta jona, ta danna, ta duba imel ɗin.

"Ya tahi! Allah shi jiƙan mahaifa! Mi sunanka?"

"Lirwanu. Ki ce ma Inna ta ɗaure awaki, ta saki rauta."

Motar Gummi ta cika, ya shige. Ku masu ilimin kwamfuta da kuka kau da kai, gobe ku tsaya ku tambaya!