Maus Biyu a Injin Gwaggo

Mai girma shugaban wannan zama, 'yan kwamitin ladabtarwa, shugaban sashenmu, iyayenmu da suka riga mu shiga wannan ma'aikata, abokan aiki maza da mata, har da na kujerun baya da suka shigo don sun ji an kunna fanka, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar. Ni ce mai kula da kwamfutocin wannan gini, wato wadda ake tunawa da ita idan abu ya lalace. An nemi in yi bayani a kan injin Gwaggo, wato kwamfutar da take buga mana takardu da ita, kafin kwamiti ya yanke hukunci a kan takardar tuhumar da ke neman a ɗauke Gwaggo daga teburinta a mai da ita sito. Maganata uku ce.

Ta farko, laifin da ake tuhumar ta da shi. Tun da aka sauya injuna muka koma aiki da manhajar Linux wata biyu da suka wuce, wasiƙun Gwaggo suke fitowa a hargitse. Kan wasiƙa ya faɗo tsakiyar sakin layi, ya sake faɗowa kusa da sa hannu. Kowa ya ce tsufa ne, kowa ya ce ido ne. Ni ma na faɗa, sai dai ni a zuci na faɗa, kuma da Turancin jami'a.

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo tana wannan aiki. A kan tafireta ta koya, a hannun malamin da ke bugun yatsun wanda ya ɗaga kai. Har gobe idonta yana kan takardar da take kwafa. Na taɓa ce mata ta riƙa duba gilashin kwamfutar, ta ce, "'Yata, in na kalli gilashi, wa zai kallar mini takarda?"

Ta biyu, abin da na gano. Na sauya mata kibod, na sauya mata maus, na sake girka komai, mako uku ina zufa. Sai daga baya na yi abin da ya kamata in fara da shi, na tambayi injin na'ura nawa ke maƙale da shi. Ya ce kibod ɗaya, maus biyu. A kan teburin kuwa ɗaya ne. Na leƙa bayan injin, sai ga 'yar risiba, wato abin da ke karɓo wa inji saƙon maus marar waya, ba ta fi farce ba, ƙura ta rufe ta.

Ban zare ta ba. Na buɗe shafin da ke nuna duk wani motsi da ya shiga injin, na ce Gwaggo ta naɗe hannu. Ta ce, "Yau kuma hutun dole?" Minti goma sha biyar shiru. Sai waya ta yi ƙara a ofishin da ke bayan katako, nan take dannawa ta fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya. Aka ajiye waya, ta tsaya. Sau uku haka.

Jama'a, a Linux, idan ka danna 'yar tayar da ke tsakiyar maus, duk rubutun da aka shafa na ƙarshe, wato aka zaɓa da maus, sai ya manne inda kibiya take. Haka aka gina shi. Gwaggo kuwa takan shafa kan wasiƙa ta kaurara shi kafin ta ci gaba.

Na shiga ofishin nan na bayan katako, na shugaban sashenmu, na tarar da maus ɗin a kan tulin fayil, yana danne takardu kada fanka ta kwashe su. Lokacin sauya injuna, tsohon injinsa ne aka kai wa Gwaggo da risibar a jiki. Maus ɗin ya rage a wurinsa, ya gwada bai yi ba, ya ba shi sabon muƙami. In yana waya, yatsansa ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce mini, "Wannan ai mushe ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, mushen nan ya fi wasunmu zuwa aiki."

Hannun da ya ɓata wasiƙun, shi ya sa hannu a takardar tuhumar, bai kuwa sani ba. Shi da kansa ya ce in faɗi wannan a gaban kowa, kuma ba kowane shugaba ne zai yi haka ba.

Ta uku, roƙona. Wasiƙa ana sake buga ta. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da na tarar da Gwaggo lokacin cin abinci, ita kaɗai, tana sake buga shafi karo na huɗu, da sabon tabarau a fuskarta wanda likita ya ce ba ta bukata. Ta ce, "'Yata, ƙila dai gaskiyarsu ce, lokaci ya yi." Mun sa mace ta daina yarda da yatsunta, alhali yatsun ba su taɓa yi mata ƙarya ba.

Kwana tara ke nan da na zare risibar. Wasiƙa ɗari da arba'in ta buga, kuskure ɗaya aka samu, a rubutun da ni na ba ta, kuma ita ta gyara shi.

Don haka ina roƙon kwamiti ya janye takardar nan, a cire ta daga fayil ɗinta, a kuma sanar a wannan ɗaki da aka karanta ta. Gobe idan inji ya rikice, mu ƙirga abin da ke maƙale da shi kafin mu ƙirga shekarun mai zama a gabansa.

Ranka ya daɗe shugaban zama, ga maus ɗin na ajiye a gabanka. Na cire masa batir, kowa na iya dannawa.

Allah Ya ƙara wa Gwaggo lafiya da ƙarfin yatsu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya tsare mu da zargin wanda bai ji ba bai gani ba, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.