Ƙullutun Maƙwabciya

A tashar Ikara, motar Zariya na jiran mutum biyu ta cika. Wata dattijuwa, Inna Hajo, tana ɓarar gyaɗa, sai Atika da ke gefenta ta hango katin asibiti a hannunta.

"Inna, jiki ne?"

"Ya yi sauƙi, 'yar nan, likita ne zai sake duba ni. Ciwon daji na yi, na mama. Shekara huɗu ke nan da aka cire."

"Aka yanka? Ai cewa ake daji ba ya son ƙarfe."

"Haka aka gaya wa yayata, ta shekara tana shan sassaƙe har ta rasu. Ni da ƙarfe ya taɓa, ga ni ina cin gyaɗa."

"To ba jifa ba ne?"

"Wa zai jefe ni, me na tara? Likita ya ce iri-iri ne, akwai na hanta, na huhu, na bakin mahaifa. Wani taba ce, wani gado, wani ba a san dalili ba."

Atika ta ce, "Maƙwabciyata ce ke da ɗan ƙullutu. Ba ya ma ciwo."

"Nawa ma bai yi ciwo ba."

Inna Hajo ta dubi hannun Atika da ya ƙi barin ƙirjinta, ta zuba mata gyaɗa a ɗayan.

"Ba kowane ƙullutu ne daji ba. Amma tunda Allah ya haɗa ni mota ɗaya da maƙwabciyar taki, in mun sauka ta biyo ni. Na san ƙofar."