Sun Ce Ni Na Kashe Ƙwallon Kwaleji

Mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rifkatu, ina sayar da masara a kasuwar Kontagora.

Ɗana Yohanna ɗan firamare ne, yana zuwa koyon ƙwallo a wata kwaleji inda kocin ƙungiyar kwalejin ke tara yara lokacin hutu. Sai yaro ya daina cin abinci, in ya ji usur jikinsa ya hau rawa. Da na matsa, ya faɗa mini abin da kocin ke yi musu a ɗakin ajiye kaya. Bakina ba zai iya maimaitawa ba.

Na sami shugaban wasannin kwalejin. Ya ce, "Mama, ki rufa mana asiri, mun kusa cin kofi." Ashe wasu iyaye sun riga ni zuwa, haka ya sallame su. Na wuce wurin 'yan sanda.

Yanzu koci yana tsare, an sauke shugaban, an kori ƙungiyar daga gasa. A kasuwa an daina amsa gaisuwata. Jiya ɗan yayata, golan ƙungiyar, ya tsaya gaban rumfata yana hawaye, ya ce, "Inna, ni me na yi?"

Jama'a, ban yi nadama ba. Amma don Allah ku faɗa mini amsar da zan ba yaron nan.