Cincin na Ulu

A tasha, motar Biu ta ƙi cika. Mu'mina ta daɗe tana satar kallon matar da ke gefenta, wadda ke saƙa wasu 'yan abubuwa masu kusurwa uku.

"Baiwar Allah, laya kike saƙawa?"

"Wace laya? Abin wasan yara ne, siffar cincin ɗin da Yahudawa ke ci ranar wani bikinsu. Wata tsohuwarsu na yi wa aikatau a Legas. Ciwon suga ya hana ta cin na gaske, sai ta koma saƙa na ulu, ta jera a faranti ta yi ta kallo."

"Allah sarki. Tana nan?"

"A hannuna ta cika."

"To sayar min da su duka, in kai wa jikokina."

"Ban da ɗaya. Kullum nakan bar mata nata."

"Haba! Da gicciye a wuyanki kike wannan magana?"

Matar ta zaro wani daga jaka ta miƙa mata. An gatsa kusurwa ɗaya. Mu'mina ta ji danshi a yatsunta.

"Ai ɓera ne."

"Haka ni ma na ce da farko. Kin taɓa ganin ɓera mai haƙoran roba? Ni nake wanke wa tsohuwar nata, na san jerinsu. Da su aka binne ta."

"Wannan na yaushe ne?"

"Da na fito daga unguwarmu Maisandari ɗazu, lafiyarsa ƙalau."