Kofin Tofin Gwaggo

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sale ne daga Umdurman.

Matata Hauwa tana fama da ciwon da garkuwar jiki take cin jijiyoyi. Maganin da likita ya ɗora ta a kai a Khartum yana kwantar da garkuwar, amma yana raunana ta. Ya ce ko mura kada mu raina.

Ranar Juma'a Gwaggona, wadda ta raine ni, ta zo dubiya daga Jazira, tana ta tari. Ta ɗebi ruwa a kofi, ta yi addu'a, ta tofa, ta miƙa wa Hauwa. Ni kuwa na karɓe kofin.

Ta ce, “Kai Sale! Bakin da ya tauna maka abinci kana jariri, yau shi ne ƙazanta?”

Na fara bayani, na rikice. Ta tari raksha, wato a-daidaita-sahu, ta tafi, har yau ba ta ɗaga wayata.

Na juya maganar nan har na gaji. Ko na yi gaggawa? Masu sauraro, yaya zan ba ta haƙuri ba tare da Hauwa ta sha ba? Kofin yana nan a kan taga, na kasa zubarwa.